Abarshi Maƙeri da Tamma Mai Jijiya

A Gure, a shekarun da suka biyo bayan yunwar fara, in kuɗi ya rikita mutum ba gidan alƙali yake nufa ba, rumfar Abarshi yake nufa. Maƙerin fari ne, mai aikin azurfa da tagulla, rumfarsa tana gefen kasuwa inda masu kanwa ke sauke raƙuma. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa tun da wani jaki ya harbe shi yana saurayi, saboda haka kullum ƙafar a miƙe take a bakin rumfa, duk mai shigowa sai ya tsallake ta. Mutane sun saba, har awakin kasuwa ma sun saba.

Ya taso a zamanin da ake ciniki da wuri. Ubansa maƙeri ne daga Damagaram, ya zo Gure yi wa wata amarya mundaye, ya ga garin ya yi masa, ya zauna. A gindin zugazugin uban nan Abarshi ya ga wuri ya mutu a hannun mutane. Ya ga liyari, manyan azurfar nan da matan Tubawa ke ratayawa a gashi, ya ga dala ta Faransa, ya ga 'yan kwabbai masu huda a tsakiya, ya ga sule da sisi na Ingilishi da fatake ke shigowa da su daga kudu. Bai iya karanta ko harafi ɗaya na abin da Nasara suka rubuta a jikinsu ba. Amma ya san kamannin kowane harafi yadda makiyayi ya san tumakinsa, in ɗaya ta ɗingisa sai ya gani.

Kuɗi kuwa yana shan wuya a hannun mutanen ƙasar nan, Allah ya sani. Mata su huda shi da ƙusa su rataya wa jariri a wuya. Tsofaffi su binne shi cikin tulu shekara biyar, ya fito kore shar kamar an tsamo shi daga miyar kuka. Gobara ta ci bukka, a tono shi cikin toka duk ya yi ƙuraje. Ga kuma 'yan wayo masu goge gefen azurfa da magagari, su tara garin, su mayar da kuɗin kasuwa da fuskar salihai. In irin wannan ya faɗa hannun mai tsoro, sai gardama ta tashi, sai a ce a tafi wurin Abarshi.

Yakan ɗora kuɗin a tafin hannu, ya shafa da babban yatsa, ya karkata shi wajen hasken ƙofa. In ƙusa ce ta huda, ƙarfen da ta tura yana nan a ɗaya gefen, ya yi tsini yana kama yatsa. In wuƙa ce ta karta, zanen ciki yake nutsewa. In guduma ce, bayan yakan baje. Waɗannan duka sai ya ce duniya ce ta yi musu. Amma jifa-jifa akan kawo masa kwabon da hudarsa ta koma gefe, bakinta sumul ba kaushi, ko wanda babu hudar ma sam kuma ba alamar an toshe, ko wanda hoton ya zame har rabin rubutun ya faɗa waje. Irin wannan yana sa shi murmushi.

"Wannan da abinsa aka haife shi," in ji shi. "Can inda ake buga su hannu ya goce. Karɓa, kuɗi ne."

Ba ya karɓar lada a kan dubawa, sai dai goro, shi ma ya fi son fari. Abin da yake so da gaske, ko da yake ba zai yarda ba, shi ne shirun nan da kasuwa ke yi in ya ɗaga kuɗi sama, kowa ya zuba wa bakinsa ido. Matarsa Biba, wadda ta shekara talatin tana kawo masa fura da rana, ta daɗe da gano shi. Takan ce, "Maigida, kai in ka riƙe kwabo har wuyanka tsawo yake ƙarawa." Shi kuma ya ce mata ta ajiye ƙwaryar ta yi gaba.

A farkon wata damina, ana jiran ruwan shuka na biyu, aka yi ta raɗe-raɗin kuɗin jabu na shigowa daga kudu. Kumandan, Baturen da ke mulkin Gure, ya sa aka kewaya kasuwa da ganga, aka yi shela cewa duk wanda aka kama da shi zai ɗanɗana. Ana cikin haka wani manomi mai suna Aisami, daga wani ƙauye a ƙasar Gamu, ya shigo Gure saya wa matarsa zane. Ya biya da tamma, kuɗin Faransa, sababbi fil, irin rawayan nan masu kan mace a gaba. Mai yadin ya lura shida daga cikinsu suna da wani siririn zane a ƙarƙashin haɓar macen. Ya kwarma ihu. Kafin Aisami ya gane abin da ake ciki, wani gardi, dogarin kumandan, ya riƙe masa wuyan riga.

Da la'asar Ma'azu, tafintan kumandan, ya tsallake ƙafar Abarshi ya shigo rumfa, ya ce ana nemansa a biro, wato ofishin kumandan. Abarshi bai taɓa taka barandar biro ba. Ya aika gida aka kawo masa rigarsa ta Salla, ya tafi yana ɗingishi, rabin kasuwa na biye da shi.

An jera tammar shida a kan tebur. Aisami yana durƙushe a ƙasa, saurayi ne dogo, bai fi shekara talatin ba, idonsa ya yi ja. Abarshi ya ɗauki ta farko ya shafa. Zanen bai nutse ba, tasowa ya yi, kamar jijiya a bayan hannun tsoho. Ya ɗauki ta biyu, ga shi nan a wuri ɗaya, da lanƙwasa ɗaya. Haka ta uku, haka har ta shida. Ya san wuƙa ba ta yin zane mai tasowa, ya kuma san rauni ba ya maimaita kansa sau shida babu bambanci. Abu ɗaya ya sani da ke haifar da irin wannan jijiya, shi ne mazubin yumɓu in ya tsage, narkakken ƙarfe ya bi tsagar. Ya sha ganin haka a aikinsa na zubi.

"Ba karta ba ce," ya gaya wa Ma'azu, da murya yadda na waje za su ji. "Zubi ne. Mazubi ɗaya ya haife su duka, mazubin kuma tsagagge ne."

Aisami ya ɗago kai. "Baba, don girman Allah ka sake dubawa. Rago na sayar wa wani soja, shi ya ba ni su. Ni ban taɓa riƙe awartaki ba."

Sojan kuwa tuni ya bi rundunarsa gabas, ba wanda ya san sunansa. Abarshi ya ji maganar sarai. Amma kumandan yana kallonsa, jama'a sun yi tsit a bakin baranda, shi kuma ya riga ya faɗi. Bai sake dubawa ba. Aka yanke wa Aisami wata shida a kaso.

Sunan Abarshi ya ƙara tashi. Har daga Gidigir ake kawo masa kuɗi a ƙulle cikin tsumma. Kowace safiya 'yan kaso sukan wuce ta bayan kasuwa a jere, ɗauke da duwatsun gyaran hanya, Aisami ya fi su duka tsawo, ba ya ɓoyuwa. Abarshi yakan sunkuyar da kai kan maƙera har su wuce. Bai ɗauki wannan a bakin komai ba, cewa yake hayaƙin gawayi ne ke damun idonsa.

Sai da gero ya fara fitar da kai sannan Fannami ya zo. Tsohon soja ne, mai yawan labarin yaƙi, ya karɓo kuɗin da ake ba tsofaffin soja a biro, yana so a ƙera wa 'yarsa zobe. Ya zube tamma a kan buzu yana fahariya.

"Duba nan, maƙeri, ko ƙura ba ta taɓa su ba. A gabana aka yanke bakin buhun, da hatimin dalma da komai."

Abarshi ya miƙa hannu don ya kwashe, babban yatsansa ya bi ta kan wata. Ya tsaya. Ya karkata ta wajen haske. Ga jijiyar nan a ƙarƙashin haɓar macen, da lanƙwasarta. Ya tona sauran ya sami wata, ita kuma jijiyarta ta fi tsawo, ta kai har gefe, ta yi ɗan reshe. Fannami yana ta zuba labarin wani kyaftin, Abarshi bai ji ko kalma ɗaya ba.

Da baƙon ya tafi, sai ya yi abin da ya kamata ya yi tun a barandar biro. Ya tsayar da tammar ya duba gefenta. Kuɗin zubi yana da ɗinki a gefe, inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu. Yana da 'yan ramuka na iska, rubutunsa kuma a dakushe yake. Wannan babu ɗinki, babu rami, kowane harafi a tsaye da kaifinsa. Ya tuna na Aisami ma haka suke, yatsansa ya gaya masa tun ran nan, shi ne bai saurara ba. Abin da ya fi ci masa rai, ya san tun yana ƙarami cewa mazubin yumɓu fasa shi ake yi kafin a fitar da abin da ke ciki. Ina zai yi ran da zai haifi shida iri ɗaya?

Ya jawo tsohuwar jakar fata ta ubansa, ya zazzage. A ciki akwai wani ƙarfen buga ado, mai zanen fure a baki, wanda suka daina aiki da shi saboda ya tsage. Ya baje guntun dalma a kan maƙera, ya ɗora ƙarfen, ya doka da masaba. Furen ya fito, da siririyar jijiya ta ratsa shi, a tashe. Ya matsa gaba ya sake dokawa, ta sake fitowa a wuri ɗaya. Ya yi ta doka da ƙarfi har gumi ya keto masa. A bugu na goma sha wani abu tsagar ta ƙara buɗewa, jijiyar ta ƙara tsawo. Ashe su ma Nasara da ƙarfe suke buga kuɗinsu, ƙarfen nasu kuma yana gajiya ya tsage kamar na kowa.

Biba ta same shi zaune, wuta ta mutu, dalma a hannu. Ya gaya mata duka, bai rage komai ba. Ta ajiye ƙwaryar fura a gabansa.

"Wa ya sani ban da kai?"

"Babu kowa."

"To, sha furarka mana."

Ya ɗauki ludayi, ya juya furar, ya sake juyawa, ya ajiye. Tsoro yake ji, tsoron kumandan da tsoron dariyar kasuwa, bai san wanda ya fi ba. Shekara arba'in ana cewa Abarshi ba ya kuskure. Wata uku kawai suka rage wa yaron, in ya yi shiru za su wuce kamar yadda ukun farko suka wuce.

Biba ta dube shi, ta dubi furar. "Ka gani? Ashe akwai wanda ya sani."

Washegari da hantsi ya tafi biro da rigar aiki, ya ja Fannami ya zama shaida. Ma'azu ya tare shi a ƙofa, ya ji abin da ke tafe da shi, ya riƙe baki.

"Baba Abarshi, ka san abin da kake nema kuwa? Kumandan ya rubuta wa Damagaram, ya sa sunanka cikin takarda. Yanzu ka zo ka ce masa ya yi kuskure?"

"Ba shi ya yi ba, ni na yi. Shiga ka faɗa masa haka."

Aka shigar da shi. Ya ajiye tammar Fannami biyu a kan tebur, ya ajiye dalmar da ƙarfen ubansa, ya yi bayani a hankali, Ma'azu na juyawa. Kumandan ya fito da na Aisami shida daga aljihun tebur, ya ɗauko wani gilashi mai ƙara girman abu, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sa aka kawo buhu daga akwatin ƙarfe na biro, aka yanke bakinsa, aka baje a tebur. Abarshi ya rufe ido ya bi su da yatsa, kafin a jima ya ware huɗu masu jijiya. Fuskar kumandan ta yi jajir. Ya yi magana mai tsawo yana buga tebur, Ma'azu ya taƙaita ta, ya ce, "Ya ce ka tahi, kada ka sake taka nan." Suna fita Abarshi ya ga Bature ya zaɓi mai reshen nan ya jefa a aljihun rigarsa. Ma'azu ya ce wai a ƙasarsu akwai masu tara irin waɗannan don sha'awa, har su biya fiye da kuɗinsu.

Kasuwa ta yi dariyarta. Mai yadin nan da ya fara ihu shi ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa dama shi tun farko bai yarda da idon tsohon ba. An yi mako biyu ba wanda ya kawo kuɗi rumfar, daga baya aka dawo da ɗaiɗai, don ba wani wurin zuwa. Har ƙarshen ransa ana kawo masa, sai dai ya zama mai jinkiri, yakan sa mutum ya zauna ya jira, wani lokaci ma ya ce bai sani ba.

Takardar sakin Aisami da kumandan ya nema sai da ta kwana goma sha tara kafin ta dawo daga Damagaram. Ran da aka buɗe wa Aisami ƙofa, Abarshi yana tsaye a waje tun fitowar rana, da goran ruwa da ƙullin dambu da Biba ta yi. Aisami ya rame, kafaɗunsa sun yi kanta saboda dutse. Ya gaishe da tsohon yadda ake gaida babba, ba fara'a, ba kuma faɗa. Abarshi ya yi ƙoƙarin durƙusawa, gwiwar ta ƙi, ya dafa bango.

"Ɗana, na zalunce ka. Ka roƙe ni in sake dubawa na ƙi. Ka yafe mini."

Aisami ya karɓi goran ya sha, ya goge baki. "Ni na yafe, Baba. Tun ina ciki na yafe, don zuciyata ta huta. Amma ƙanena ya zo ya gaya mini, a garinmu ba mai karɓar kuɗi daga hannun matata Kaltumi. Ko barkono za ta saya sai ta kai gero a musanya mata. 'Ya'yana ana ce musu 'ya'yan mai jabu. Takardar kumandan ba mai iya karanta ta can. Maganarka ce ta isa garinmu, ba takarda ba."

Abarshi ya dubi hanyar da ta fita gari. Tun da ya yi aure bai taɓa kwana a wajen Gure ba.

"In zo?"

"Ka zo."

Kwana biyu suka yi a hanya, Abarshi a kan jakin aro da ƙafarsa a miƙe, Aisami a gaba da sanda. Suka hau tudun rairayi suka gangara kwari mai goruba, suka sake hawa. Ko'ina gero ya nuna, tsuntsaye na tashi daga gona zuwa gona. Ba su yi hira mai yawa ba. Da suka kusa gari Aisami ya nuna wata gona da sandarsa, ya ce tasa ce. Ƙanensa ya shuka abin da ya iya, rabinta ciyawa ta cinye.

Sun iso ran 'yar kasuwar ƙauyen, wadda ke ci a ƙarƙashin wani gawo a ƙofar Bulama, mai garin. Bulama ya sa aka yi shiru. Abarshi ya sauka daga jaki da ƙyar, ya tsaya a tsakiyar mutanen da bai sani ba, waɗanda su kuwa duk sun san sunansa. Ya ce shi ne maƙerin Gure da ya ce kuɗin Aisami jabu ne. Ya ce ƙarya idonsa ya yi masa, girman kai kuma ya hana shi sake dubawa. Ya ce kuɗin na gwamnati ne tsantsa, daga inda aka buga su suka zo da jijiyarsu, Aisami bai taɓa cutar kowa ba. Bulama ya maimaita da Barbarci saboda mata da tsofaffi. Abarshi ya zagaya da dalmar hannu-hannu, kowa ya shafa. Ya sake faɗin maganar tun daga farko, don waɗanda suka zo a makare daga rijiya.

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Wasu suka zo suka ba Aisami hannu, suna yi masa barka, suna cewa dama su ba su taɓa yarda ba. Bulama ya ce Allah ya kiyaye gaba, aka shafa.

Kaltumi tana tsaye a bayan mata da goyo. Da taron ya fara watsewa ta kwance bakin zanenta, ta fitar da tamma ɗaya da ta yi wata uku a ƙulle. Ta nufi wata tsohuwa mai sayar da manda, gishirin nan baƙi, ta miƙa mata. Tsohuwar ta dubi Aisami, ta dubi Abarshi, ta buɗe hannu ta karɓa. Ta auna mandar, har da gyara, ta sa albarka. Abarshi ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Suka juya za su tafi gida, Aisami a gaba, Kaltumi da ƙullin manda, Abarshi na jan jaki. Ba su yi taku goma ba sai ya ji wata 'yar ƙara a bayansu, siririya, ta ƙarfe a kan dutse. Tsohuwar ce ta jefa tammar a kan dutsen da take fasa manda, tana saurare ta ji ko ta gaske ce. Ta ɗauka ta sake jefawa.

Kaltumi ta ji, Aisami ma ya ji. Ba wanda ya waiwaya a cikinsu. Abarshi kaɗai ya tsaya da igiyar jaki a hannu, har ƙarar ta mutu.